Dakalin da Aka Gina Mini

Shan-inna ta cinye mini ƙafafu tun ban yi wayo ba, amma hannuwana, wallahi ko ɗan dako na yi musabaha da shi sai ya ji a jikinsa. Da su nake tuƙa kekena, da su na koyi ɗinki a keken ɗinki na hannu, da su kuma nake tafiya idan keke ya ƙi shiga wuri: in zura silifa a tafin hannu, in ja jikina. Ni ban taɓa jin kunyar haka ba. Mutane ne suke ji a madadina.

Da aka rufe boda, shinkafar waje ta yi wuya, injinan casa suka tsiro ko'ina a Jibiya. Aminin marigayi mahaifina, wanda muke kira Baba, ya kafa nasa a bakin hanyar Maraɗi. Na wanke kaftanina na je na same shi.

Na ce, "Baba, aiki na zo nema. Ɗinkin bakin buhu nake so, a zaune ma ana yin sa."

Ya dafa kaina ya ce, "Ɗana, ai wurin ga naka ne. Gobe ka fara."

Washegari na ga abin da ke tsakanina da aikin. An ɗaga dokin ƙofar ɗakin injin ya kai taƙi biyu, don kada ruwan damina ya shiga ya jiƙa shinkafa. Kekena ya tsaya cak. Na sauko, na zura silifa a hannu zan haura, sai na ji muryar Baba a bayana.

"Subhanallahi! Mi kake yi haka? Ina raye ɗan aminina zai ja jiki cikin ƙaiƙayi a gaban leburori? In na mutu in ce wa ubanka mi?"

Nan take ya sa aka ajiye mini benci a bakin get, ƙarƙashin dalbejiya. Wai in riƙa sa ido a kan masu shige da fice. Alhali ga maigadi nan da sandarsa, idonsa biyu lafiya lau.

Haka na fara aikin zama. In zo da safe, in zauna, a yi azahar, in dawo in zauna. Ƙarshen wata a miƙo mini albashi cif, daidai da na waɗanda gumi ke tsiyaya a bayansu. Leburorin ba su taɓa gaya mini baƙar magana ba, sai dai idan za su wuce da buhu a ka su ce, "Ranka ya daɗe, a huta lafiya." Wasa ne, na sani, amma har ƙashina nake jin sa.

Na kai kuka wurin mahaifiyata na ce zan bari. Ta ajiye muciya ta dube ni.

"Ka bari ka ce mi? Ya zage ka? Ya hana ka haƙƙinka? Mutum ya ɗauke ka kamar ɗan cikinsa, ka saka mashi da butulci, gari ya ɗauka? Kada in ƙara ji."

To ina zan kai ƙara? Da zaluntata aka yi, da na san bakin da zan buɗe. Wanda ya ɗaure ni kullum sai ya tambaye ni ko na ci abinci.

Da aka sake buɗe boda, direbobin Nijar suka fara zuwa sayen dusa. Duk wanda ya sauko daga mota ya ga gurgu a bakin get da keke a gefe, sai ya laluba aljihu ya jefa mini sefa a cinya, ya ce in sa shi a addu'a. Kai! Ranar farko har da keke na bi mutumin na mayar masa. Na ce, "Malam, ma'aikaci ne ni a nan." Ya dube ni, ya dubi bencin, ya ba ni haƙuri, amma na ga bai yarda ba. Ban ga laifinsa ba. Duk da haka ban fasa ba, kowa ya jefa sai na mayar.

Sau uku ina roƙon Baba buhun siminti ɗaya tak, a yi ɗan gangare a dokin ƙofar nan yadda keke zai hau. Kullum amsarsa, "Za a duba, ɗana."

Wata Talata mai ɗinkin buhun, mutumin garin Gangara, bai zo ba, matarsa ta haihu. Baba ya tafi Katsina. Ga mota tana jiran lodi, ga buhuna a tsaye baki buɗe, manaja sai zagaye yake yana tsaki. Ban nemi izinin kowa ba. Na zura silifa, na haura dokin ƙofar, na hau kan wani buhu na zauna, na ce a miƙo mini injin ɗinkin.

Wayyo, daɗi! Injin yana rawa a hannuna, zare yana tafiya sumul, leburori suna jawo buhu ina rufewa suna ɗauka. Ƙaiƙayi ya cika mini hanci da wuya, gumi ya jiƙa kaftanin. Wani ya daka mini tsawa, "Kai, yi sauri mana!" Wallahi tun da na zo wurin ba a gaya mini maganar da ta faranta mini rai kamar wannan tsawar ba.

Saura buhu kaɗan Baba ya shigo. Na ɗago ina murmushi, ina jiran ya duba ɗinkin. Ko kallon buhunan bai yi ba. Sai ya rufe manaja da faɗa: wane marar imani ne ya sa maraya, nakasasshe, wannan wahala? Na ce, "Baba, ni na sa kaina." Bai ji ba, idonsa ya kawo ruwa. Ya sa ƙarti biyu suka ɗauke ni cak, ɗaya a hammata ɗaya a ƙugu, suka fito da ni a gaban kowa kamar buhun dusa, suka ɗora a benci. Silifana ɗaya ya faɗi a ciki, sai da yamma maigadi ya kawo mini.

Bayan kwana biyu na iso na tarar da magini da buhun siminti uku. Murna ta kama ni, na ce ashe Baba ya gani. Sai na lura ba wajen ɗakin injin ake kwaɓawa ba. A bakin get ne. Dakali aka gina mini, mai faɗi, da wurin jingina, aka kafa rumfar kwano a kai, aka shimfiɗa darduma sabuwa. Har da ɗan gangare a gefe, don kekena ya hau ba wahala.

Baba ya tsaya yana murna ya ce, "Yanzu ko rana ko ruwa ba abin da zai taɓa ka. Ya yi maka?"

Na ce, "Ya yi, Baba. Allah ya saka da alheri." Da gaske ya yi don Allah, shi ya sa na rasa inda zan sa baƙin cikina.

Ran da simintin ya bushe na hau na zauna, ina jin ƙugin injin a bayana. Can wani direban Maraɗi ya sauko, ya jefa mini sefa a cinya ya wuce. Na bi shi da ido har ya shige ofishin manaja. Kekena yana nan kusa da hannuna, ban taɓa shi ba. Na ɗauki kuɗin na sa a aljihu.