Ndayako Mai Duba Layi da Marin da Na Ƙera

Ndayako ya sa an cire wa Ayuba mari a shekarar 1978, ya kuma yi shekara goma sha shida yana tafiya da shi a kan layin dogo. Ni na ƙera marin. Sunana Maiwada, maƙeri ne ni a bayan tashar jirgin Minna, inda ubana ya zauna tun zuwan reluwe. A boko ban wuce yaƙi da jahilci ba. Abin da idona ya gani zan faɗa.

Ndayako Banufe ne, mutumin Bida. Aikinsa duba layi. Da an sallame asuba sai ya saɓa guduma mai doguwar ƙota, ya rataya sifana, ya bi ƙarfen dama mil huɗu, ya dawo ta ƙarfen hagu. Duk inda ƙarfe biyu suka haɗu sai ya buga, ya saurara. Notin da ke ɗaure ƙararsa tas take fita. Wanda ya saki, muryarsa a dushe take. In hankalin mutum ya tafi wani wuri, zai wuce wanda ya saki bai ji ba, jirgi kuwa ba ya yafe wannan. Shekara talatin da ɗaya yana haka. Tarago bai taɓa sauka daga layi a yankinsa ba. Ba a kuma taɓa tsayar da jirgi an ce masa sannu ba.

Ayuba kofur ne, mutumin wajen Kuta. Ya je yaƙin basasa ya dawo da jikinsa cikakke. Da aka sallame shi daga soja, ya sauka gidan wansa Ishaku a unguwarmu. Ba ya barci. Ba ya magana da mu, sai da waɗanda ba ma gani. In jirgi ya yi kuka sai ya shige ƙarƙashin gado. Wata rana ya ɓalle ƙofa, ya karya wa matar Ishaku hannu. An kai shi asibiti, an yi masa addu'a a coci. Daga ƙarshe Ishaku ya zo maƙerata. Na ƙera mari, na je da kaina na sa masa a ƙafa, mutum huɗu suna danne da shi. Sana'ata ce, kuma na yi aikin da kyau. Bai yi ihu ba. Kallona kawai yake yi.

Wata uku yana ɗaure a gindin mangwaro. Ta nan Ndayako yake wucewa kullum. Ran nan ya tsaya a bakin maƙera.

"Maƙeri, zo ka cire wannan abu naka."

"In ya kashe wani fa?"

"Zama ne yake kashe shi. Ko akuya ka ɗaure wata uku, hauka za ta yi."

"Kai likita ne?"

"Ni mai tafiya ne. Zo ka cire."

Ishaku ya ce duk abin da ya faru yana wuyan Ndayako. Ndayako ya ce ya ɗauka. Na cire.

Washegari muna tsaye Ndayako ya miƙa wa Ayuba guduma. Mata suka kwashe 'ya'yansu suka yi cikin gida. Shi kuwa ya juya masa baya, ya shige gaba. Ni da nake alfahari ba na tsoron wuta, da ban yi wannan ba.

Bai taɓa tambayarsa labarin yaƙi ba. Jummai mai koko, wadda take zama inda hanya ta ƙetare layi, ita ta riƙa jin su. Ta ce maganarsu ba ta wuce biyu. "Buga." Ya buga. "Me ka ji?" Kwanakin farko Ayuba cewa yake, "Bindiga." Sai Ndayako ya ce, "Ba shi ba ne. Sake buga." Haka dai, haɗi bayan haɗi, har ranar da Ayuba ya buga, ya sunkuya, ya ce, "Wannan ya saki." Jummai ta ce Ndayako bai yaba masa ba. Sifana ya miƙa masa.

Mil takwas kullum, da ruwa da rana. Ayuba ya dawo a gajiye, ya ci tuwo, ya yi barci kamar kowa. Bayan shekara ya fara dako a kasuwa da yamma. Ya riƙa gaida kowa a unguwa, ban da ni. Ban damu ba.

Ban ce ya warke ba, ba na ƙarya. Maganin asibiti bai daina sha ba, Ndayako ne yake tuna masa. Sau ɗaya Ndayako ya je Bida jana'izar ƙanensa, ya kwana biyar. Ya dawo ya tarar da Ayuba a ƙarƙashin gado. Tun daga ranar bai ƙara kwana biyu a wajen Minna ba, ko da Sallah.

Kai ne ka gane abin da mu duka muka kasa ganewa, Ndayako. Mu mun ɗaure ƙafa don kai ya natsu, kai ka saki ƙafa, ka ba kunne aiki, kansa ya sami wurin tsayawa. Ba danginka ba ne, ba yarenka ba, ba addininka ba. Riga rana fita, mai share wa jirgi hanya. Iyakar kirarin da zan yi maka ke nan, na san ba ka so.

Bara Ndayako ya yi ritaya. Bai daina fita ba, ko da yake yanzu sai a yi mako jirgi bai wuce ba, ciyawa ta rufe ƙarfen. Wata biyu da suka wuce ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Yana kwance. Ayuba ya zauna, kuma zaman ya fara aikinsa. Ranar Lahadi ya sake ɓalle ƙofa. Ranar Litinin Ishaku ya zo, shi ma ya tsufa.

"Baba Maiwada, tsohon marin nan yana nan?"

"Yana nan."

"Akwai jikoki a gidan. Ba zan iya ba."

Na ce ya ba ni zuwa Juma'a. Na bi samarin unguwa ɗaya ɗaya, masu ƙafa lafiyayya, masu kwana a bakin teburin shayi. Wani ya ce, "Baba, jirgin ma ya daina zuwa, layin wa za mu duba?" Suka yi dariya.

Na gode maka, Ndayako, a madadin garin da bai gode ba. Allah Ya ba ka lafiya, Ya saka maka. Ku kuma masu karatu, duk wanda yake da wani Ayuba a gidansa, kafin ya zo wurin irina, ya fita da shi da sassafe, ya ba hannunsa abin riƙewa, kunnensa abin saurare. Na faɗa. Ban sa rai za ku yi ba.

Jiya Laraba na je wurin Ndayako na ce ya ba ni gudumar. Shekarata saba'in da huɗu, gwiwata ba ta kai ni masallacin Juma'a sai na huta sau biyu. Bakinsa ya karkace, da ƙyar na ji shi.

"Kada ka tambaye shi komai. Ka shige gaba. Kada ka waiga."

Yau da asuba na tsaya a ƙofar ɗakin Ayuba. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da gado. Na miƙa masa ƙotar.

"Kofur, tashi. Ndayako ne ya aiko ni."

Ya dubi gudumar, ya gane ta. Sannan ya dubi hannuna, ya daɗe yana kallo. Shekara goma sha shida bai ce mini uffan ba, sai yau.

"Kai ne ka sa mini ƙarfe. Ba zan bi ka ba."