Lamba a Wuyan Riga

Ranar Litinin sauri ya sa na zura rigata a baibai, ban ankara ba har na isa ofis. Abokin aikina da ke zaune bayana ya hango lambar waya ɗinke da jan zare a wuyan rigar, ya kwafa, ya buga. Matata ce ta ɗauka. Ya ce, "Baiwar Allah, an tsinci mijinki. A kawo ko a ajiye?" Ta ce a ajiye.

Ko ba a faɗa ba na san aikin Uwar Keke ne, telar bakin layinmu, wadda na kai wa gyaran aljihu.

Shekara talatin tana taka keken da ta gada wurin mahaifiyarta, a shagon da in mutum biyu sun shiga sai ɗaya ya riƙe numfashi. Da keken nan ta riƙe Baba, mahaifinta, wanda ya yi walda a wata masana'anta har aka rufe ta. Da tsufa ya fara cinye masa tunani, ta saya masa ƙaramar waya, ta ɗinka aljihu mai maɓalli a kowace rigarsa. Bai taɓa iya amsa kira ba. Ita dai hankalinta kwance: in ya ɓace, wayar na jikinsa.

Wata Juma'a da hantsi, tana auna wa wata mata hannun riga, Baba ya fice.

A ofishin 'yan sanda, mai rubuta ƙara ya ce ta dawo gobe, tsofaffi suna dawowa da ƙafarsu. Ta buga lambar, ta kara masa a kunne. "Ranka ya daɗe, ji, tana shiga. A tambayi kamfani inda take mana." Ya ce kamfani ba ya buɗe musu baki sai da takardar kotu, alƙali kuma sai Litinin.

A kamfanin waya, wata yarinya mai murmushin haya ta ce, "Mama, sirrin mai layi ne, sai da izininsa."

"'Yar nan, mai layin nake nema. In na same shi zan kawo miki shi ya sa hannu."

Ni ma ba na son a riƙa leƙa wayata don nishaɗi. Amma kamfanin da bai taɓa kasa samo tsohon nan ba in zai turo masa talla, ranar da rai ke kan siraɗi sai kunya ta kama shi.

Sai dangi suka kawo nasu taimakon. Gwaggo ta buga, kawu ya buga, surukai suka buga, kowa na cewa ko Allah zai sa ya ɗauka. Uwar Keke ta bi su gida gida tana roƙo su bari, cajin nan shi ne igiyar da ta rage. Gwaggo ta ce ba za a hana ta neman ɗan'uwanta ba. Lahadi da la'asar wayar ta mutu.

Litinin alƙali ya sa hannu. Talata takardar ta isa kamfani, cikin kwata ɗin awa suka nuna unguwar da wayar ta yi numfashin ƙarshe. Aka same shi jingine da katangar tsohuwar masana'antarsa, aiki ya je. Tafiyar rabin awa daga shagonta. Likita ya ce bai fi kwana ɗaya da cikawa ba.

Tun daga nan duk rigar tsoho da ta shiga shagon, ba ta fita sai da lambar wani nasa a wuya. Ba ta neman izini.

Na je da rigata a hannu, na ce, "Yaya, ni fa ban kai hamsin da biyar ba. Kin mai da ni abin dariya a ofis."

Ba ta ko ɗaga ƙafa daga keken ba.

"Sarkin surutu, mutumin da bai san cikin rigarsa da bayanta ba ne zai ce min da sauransa? Minti nawa aka yi kafin a samu matarka? Juya wuyan riga ba ya jiran alƙali. Matsa, ka tare min haske."