Kangon Sukari a Tsibirin Abokina

A shekarata ta uku a jami'a a Madina, muna hayar ɗaki a unguwar Jurf ni da wani ɗan ajinmu, mutumin wani tsibiri a tekun Indiya. Da Larabci muke hira, don ba ya jin Hausa. Wata rana muna shan shayi na ba shi labarin yadda babana ke matsar rake da doki yana dafa mazarƙwaila. Ya ce lallai in bi shi gida idan an yi hutu.

Na kuwa bi shi. Kwana biyu da saukarmu, kawunsa, wani dattijo da ya tsufa a yankan rake, ya kai mu kangon wata tsohuwar masana'antar sukari a tsakiyar gonaki. Tun daga nesa na hango bututun hayaƙinta na baƙin dutse, dogo kamar hasumiyar masallaci. Rufi babu, saiwoyin itatuwa sun rungume bangaye. Ga manyan tukwanen ƙarfe a jere, kowace za ta ɗauki sa guda, ruwan sama ya taru a ciki. Na daɗe ina zagaya su.

Dattijon ya kama hannuna ya ɗora a mahaɗar duwatsu biyu, ya ce in gwada cusa farce. Bai shiga ba. Abokina na fassarawa, dattijon ya bayyana mini cewa duwatsun teku aka ƙona aka yi farar ƙasar ginin, kuma guguwa ta sha kwashe gidajen garin amma bututun bai ko karkace ba.

Akwai allo a ƙofa da sunan Baturen da ya mallaki wurin. Dattijon ko kallonsa bai yi ba.

“Kakan kakana ne ya ɗora duwatsun nan,” in ji shi, “da waɗanda aka lodo su tare a jirgi.”

Na tambaye shi ko wurin ba ya ɓata masa rai. Ya ce an zalunce su, wannan ba ya mantuwa, amma aikin hannunsu ne, kuma sun yi shi da kyau.

Azahar ta same mu a can. Muka yi alwala a tsohuwar magudanar da ke juya injin matsa a da, har yau ruwa na bin ta. Dattijon ne ya ja mu salla a inuwar bango, bayan sallama ya daɗe yana yi wa maginan addu'a da yarensu.