Ranar da Malam Ya Juyo

Wallahi abin da zan faɗa muku da idona na gani, ba labarin ƙanzon kurege ba ne, kuma ni ban koyi rubutu da furfura don in yi ƙarya ba.

Shekarun baya ne, da hantsi, na taso daga Gwaram zuwa Birnin Kudu wurin autata Rabi mai shagon wanke hotuna, da hoton marigayi mijina Malam, hotonsa kaɗai da ke gare mu a duniya, ya fara koɗewa, ina so jikoki su san fuskarsa. A hoton Malam gefe yake kallo, wajen shanunsa, don shi ko mai hoto bai yarda ya kalla ba, balle ni a gaban mutane.

Rabi ta sa shi a injin kwafar hoto ta rufe murfi, ya fito a kwamfuta yana rawa, dishi-dishi. Ta ce wai laifin direba ne, wani abu da ke fito da hoto a gilashin kwamfuta. Iri biyu ne, ta ce, na gayya wanda kowa ke leƙa cikinsa ya gyara, shi take aiki da shi, da na kamfani, a kulle, ba wanda ya san cikinsa, amma ya fi kyau.

Na ce, "To uwar iyayi, me kike jira? Sa mai kyaun!"

Ta sa. Hoto ya fito tas, har zaren hularsa. Sai dai, innalillahi, Malam ya juyo. Ni yake kallo, ido cikin ido, bakinsa a ɗan buɗe kamar mai shirin magana.

Na ce, "Ke kika juya shi?"

Ta ce, "Inna, na rantse ban taɓa komai ba."

Ta yi maza ta mayar da na gayyar, ya koma kallon shanunsa, dishi-dishi. Na ce alhamdulillahi, ba ni takardar hotona in tafi. Ta ɗaga murfin injin ta miƙo min. Jama'a, shanu na nan, bishiya na nan, inda Malam yake tsaye fari fat!

Wanda Rabi ta adana a kwamfuta kuwa mai kallon nan ne. Har yau ban bari jikoki sun gani ba.

Ku dai, abin da ba a buɗe muku cikinsa ba, kada ku miƙa masa mamacinku.