Kaftin Kamilu, Wanda Aka Bari a Bakin Ƙofa

Da an sallame sallar asuba, Kamilu Ɗan'azumi yakan saɓi buhun sanduna da ƙwallaye, ya hau ƙaramar bas zuwa wani fili a bayan gidajen kwanan ɗalibai a Giza. Ya tsince kwalabe, ya yayyafa ruwa, ya ja layi da farar ƙasa, sannan ya zauna ɗinkin safar hannun da ta yage jiya. Shekara ashirin da biyu ke nan.

Karatu ne ya kawo shi Alƙahira daga Gumel. Karatun bai yiwu ba, ya zama direban wani ɗan diflomasiyya a unguwar Zamalek. Wurin iyalin maigidansa ya koyi besbol, wasan da ake jefo ƙwallo a make ta da sanda a ruga. Da za su koma ƙasarsu suka bar masa kayan wasan, shi kuma ya kwashe ya kai wa ɗaliban jami'a. Misrawa suna ce masa Kaftin, mu 'yan gida muna ce masa Kawu.

Al'amin, tsohon ɗalibinsa, ya ce ranar da kafaɗarsa ta goce, Kawu ne ya kai shi asibiti, ya yi wata uku yana zuwa yana motsa masa hannun. Nuha kuwa, ɗaliba Bamisriya, mahaifinta ne ya hana ta wasa. Sau huɗu Kamilu yana zuwa gidan kafin dattijon ya ce, "Tamam, na yarda, ta je."

Duk shekara ƙungiyar masu wasan sa-kai tana ba da lambar yabo ga gwarzon 'yan wasan jami'a. Mutum bakwai daga filin Kamilu sun karɓa. Ba a taɓa ambaton sunansa ba.

Bana Nuha ce ta ci, ita ce ta bakwai. Aka yi bikin da la'asar a wani otal a Wustul Balad, tsakiyar birnin. Kamilu ya zo da kwat ɗinsa guda ɗaya tilo. Mai gadi ya duba takarda ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri ya hajji, babu sunanka." Ina ciki lokacin da Nuha ta fara cewa, "Wanda ya koya mini..." sai mai gabatarwa ya karɓe makirufo, wai lokaci ya ƙure.

Na fito na same shi zaune a gefen titi.

"Kawu, ba su bari ta ambace ka ba."

"Ta dai karɓa?"

"Ta karɓa."

"To, khalas, shi ke nan."

A nan ya gaya mini an sayar da filin, za a mai da shi wurin ajiye motoci. Likita kuma ya ce hawan jinin ido ya cinye masa gani, abin da ya tafi ba zai dawo ba. "Shekaranjiya Nuha ta jefo mini ƙwallo," in ji shi, "ban gan ta ba sai da ta buge ni a ƙirji."

Kawu, kai ne tsanin da aka taka aka hau, aka manta shi a jingine. Ba mu da fili da za mu mayar maka, ba mu da ido. Mun gode, Allah ya saka maka. Na san godiyar ta zo a makare.

Wanda ya iya wani abu, ya koyar kamar yadda Kamilu ya koyar, ko da ba za a kira sunansa ba. Ku kuma bakwai ɗin nan, ku je ku gaishe shi tun yana iya gane fuskokinku.