Shirun da Na Ɗauka Fushi Ne

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga kai, ba na jin zai iya ɗauke ranar da na kusa rasa mahaifiyata a bayan mota, a wani tsibiri da ake kira Bali, nesa ƙwarai da Jidda. Shekaru sun shuɗe, amma har yau ina tuna ta kamar jiya aka yi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne babu wanda zan ɗora wa laifi, don ni na shirya komai da hannuna.

Umma a Jidda aka haife ta, a wani lungu na Balad, tsohuwar unguwar birnin. Kakanninta ne suka zo aikin hajji daga ƙasar Hausa, ba su koma ba. Ban da Makka da Madina da Ɗa'if, ba ta taɓa leƙa ko'ina ba. Ta yi wata maƙwabciya 'yar Jawa, kamar yadda muke kiran mutanen Indunusiya a nan, wadda suka yi shekara da shekaru suna miƙa wa juna kwanon abinci ta taga. Ita ta cika wa Umma kunne da labarin ƙasarsu, wai ruwan sama ba ya yankewa, wai har a jikin duwatsu ake noman shinkafa. Matar ta rasu, labarin bai bar bakin Umma ba. Da na sami hutu daga ɗakin ajiyar kayan da nake aiki a Khumra, sai na ce zan kai ta ta gani da idonta.

Ni mutum ne mai son a ce ya iya shiri. A wurin aiki ni ke faɗin motar da za ta fita da wadda za ta jira, har na ɗauka duniya ma haka ake tafiyar da ita. Tun muna Jidda na kama mota tamu mu kaɗai ta waya, da direba mai jin Larabci, yawon yini guda, wurare biyar. Sai da na gama na zauna na karanta da kyau, na ga uku daga ciki ɗakunan bauta ne na mutanen tsibirin, waɗanda yawancinsu mabiya addinin Hindu ne. A tunanin Umma kuwa duk ɗan Jawa Musulmi ne kamar ƙawarta. Kuma ita mace ce da ko 'yar tsana mai fuska ba ta yarda ta kwana a gidanta. Abin da ya kamata in yi shi ne in faɗa mata, ta zaɓa. Sai na ce mata wuraren tarihi ne, na yi gaba abina.

Umma tana da ciwon sukari, kullum da safe sai ta yi allura. Tana da wata 'yar jaka da ba ta rabuwa da ita, dabino a ciki da na'urar awo. Ran yawon, da na ɗaga jakar na ji nauyi, na tuna an ce wuraren akwai matakala da yawa kuma za a tsaya cin abinci a hanya, sai na ajiye ta a kan gadon masauki. Ita kuma ta yi allurarta, ta sauko wurin karin kumallo, ta ƙare wa kwanukan kallo ba ta yarda da naman ba. Shayi ta sha babu sukari, da rabin burodi. Na gani da idona, amma hankalina yana kan agogo.

Direban dattijo ne mai fara'a, da ɗan rawani a ka da fure a bayan kunne. Umma ta yi masa sallama, ya amsa cikakkiya, don ya saba ɗaukar baƙi daga ƙasashen Larabawa.

Ta taɓa ni ta ce, "Ka gani? Haka suke, mutanen kirki."

Ina shiga gaba na hangi wani ɗan faifai na ganye a gaban motar, bai fi tafin hannu ba, da furanni da turare da alewa biyu a cikin takardarsu. Na san ko mene ne, na karanta. Abin da suke ajiye wa abin bautarsu ne kowace safiya. Na gyara zama yadda kafaɗata za ta kare shi daga idon Umma, kuma a haka na yini a karkace.

Wurin farko gonakin shinkafa ne, hawa-hawa a jikin tudu, kore shar, ruwa yana gangarowa daga wannan zuwa wancan. Umma ta tsaya ta daɗe, ta share ido da gefen mayafi, ta ce ashe maƙwabciyarta, baiwar Allah, ba ƙarya ta yi ba. Na ji daɗi a raina har na fara yaba wa kaina.

Daga nan muka isa ɗakin bauta na farko. A bakin ƙofa sai an ɗaura wa kowa zani kafin ya shiga, har maza. Umma ta yi dariya har tana tari, ta ce yau ta ga ɗanta da zani, saura ɗankwali. Amma da muka zo ƙofar ciki, ga wasu manyan fuskoki na dutse, idanu waje, haƙora zaƙo-zaƙo, an ajiye musu furanni a gaba.

Ta ce, "Wannan fa?"

Na ce, "Ado ne, Umma. Na tarihi."

Ta dube ni, ta dubi dutsen, ta ce, "Tayyib, to shi ke nan." Daga nan maganarta ta ragu.

Wuri na gaba a bakin wani tafki yake, can saman dutse, ga sanyi ga hawa. Muna fitowa wajen ƙarfe ɗaya, direban ya ja ni gefe, da guntun Larabcinsa ya ce akwai gidan abincin Musulmi a kusa, ya kamata Mama ta ci wani abu. Na je na tambaye ta. Ta ɗaga hannu ta dubi agogonta, wanda ta ƙi yarda a canja daga lokacin Jidda, yana nuna takwas na safe.

Ta ce, "Wane abinci kuma? Sai na yi azahar. Ban ji an kira ba."

Wanda bai tashi a Jidda ba ba zai gane wannan ba. Mu ba mu saba duba agogo don salla ba, ladanai ne ke faɗa mana daga kowace kusurwa, kuma abincin ranar Umma bayan azahar ne tun ina yaro. Na san a kan dutsen nan babu kiran da za ta ji ko za mu kwana. Amma in na faɗa, za ta tambayi dalili, in na ba da dalili asirina ya tonu. Ga shi kuma ina son mu kai wurin da ruwa ke zubowa daga kan dutse kafin hadari ya rufe. Sai na ce wa direba, "Yalla, mu je, ma ci a can."

Hanyar siririya ce, daji a dama, kwari mai zurfi a hagu. Umma ta yi tsit a baya. Ina leƙenta ta madubi, na ga ta haɗe rai ta kau da kai. Na ce a raina shi ke nan, ta gane, fushi take yi. Na shiga shirya abin da zan faɗa in ta fara, ina gwada wannan uzuri ina jefarwa ina ɗauko wancan. Na fi rabin sa'a ina wannan aikin banza, ban juya na dubi fuskarta sosai ko sau ɗaya ba, don tsoro nake mu haɗa ido.

Muna zagaye wata kwana sai muka tarar da hanya a cike. Mutanen wani ƙauye ne sun fito cikin fararen kaya za su wurin bautarsu, mata da kayan marmari an jera musu tsororuwa a ka, maza suna kaɗa ƙarafa. Mota ta tsaya, wasu suka taru a bayanmu. A nan ne direban ya juya ya dubi Umma, ya taɓa hannuna.

Ya ce, "Mama mafi kuwayyis." Wato Mama ba lafiya.

Na juya. Mayafinta ya jiƙe sharkaf a cikin wannan sanyin, leɓenta na rawa, hannunta na karkarwa a kan cinya. Na kira ta. Ta dube ni kamar ba ta san ni ba, ta ce a gaya wa maƙwabciya ta zo ta ɗauki kwanonta. Maƙwabciyar da ta rasu. Na san wannan, na taɓa gani sau ɗaya a gida, sukarinta ne ya faɗi. Na lalubi jakar dabino a ƙafata, sai na tuna inda na bar ta. Ban taɓa jin tsoro irin na lokacin ba.

Direban ya ce, "Sukkar?"

Na ce, "Aiwa, sukari ne. Asibiti fa?"

Ya girgiza kai. "Ba'id, da nisa. Sa'a ɗaya."

Babu kanti, babu gida a kusa, gaba mutane baya motoci. Na zazzage aljihuna, waya ce kawai da makullin ɗaki. Kan Umma ya fara langwaɓewa. Sai na ga idon direban ya sauka a kan ɗan faifan nan. Ya haɗa tafukansa a goshi, ya rufe ido na ɗan lokaci, sannan ya sa hannu ya ɗauko alewar duka biyu, ya ɓare ɗaya ya miƙo mini.

Zan faɗi gaskiya ko da ba ta yi mini kyau ba: na tsaya. Uwata tana sulalewa a gabana, ni kuma ina tunanin abin da za ta ce in ta san daga inda alewar ta fito. Bai wuce numfashi uku ba, amma har gobe ina jin kunyar numfashi ukun nan. Na tsallaka baya, na tallafo kanta, na sa mata a baki ina cewa, "Tsotsa, Umma, don Allah tsotsa." Allah ya taimake ni tana iya haɗiya. Na ba ta ta biyu. Kafin in ɗago, direban ya fita da gudu ya kutsa cikin jama'ar. Ya dawo da wata mata, ta sauke kayanta a gefen hanya, ta zaro ayaba da wani tuwon shinkafa mai zaƙi daga cikin abin da ta ɗauko don bautarta, ta miƙo ta taga.

Ina ba ta kaɗan-kaɗan ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Can, bayan kamar minti goma sha biyar, sai na ga idonta ya dawo. Ta dube ni ta ce, "Kai kuma kukan me kake yi, wani ya mutu ne?" Mutanen suka dare gida biyu suka ba motarmu hanya. A asibiti likita ya auna ta, ya tambayi abin da ta ci tun safe, ya yi mini faɗan da na cancanta. Sauran wuraren ba mu je ba.

Washegari bayan ta karya da kyau a gabana, na durƙusa na faɗa mata komai: wuraren da na kai ta, kiran sallar da na san ba za a yi ba, jakar da na ajiye, da alewar. Na sunkuyar da kai ina jira.

Ta ce, "Ya waladi, ɗana, ni yarinya ce? Tun a ƙofar farko na gane. Na yi shiru ne don na ga ka wahala ka kawo ni, ban so in ɓata maka. Daga baya kuma jikina ne ya ƙi, na so in faɗa, na ga ba ka ko juyowa."

Wannan maganar ta fi mari zafi. Na ce, "Alewar fa, Umma?"

Ta ce, "Halas, bar wannan. Larura ce, Allah ya gani. Ni daga hannun mutum na karɓa. Kai dai ka tambayi bawan Allahn nan ko abin da ya ɗauka ya dame shi? Ya taɓa abin da yake jin tsoronsa saboda tsohuwar da bai sani ba. Ka ko yi masa godiya yadda ya kamata?"

Ban yi ba. Ko tunanin hakan bai zo mini ba. Ta sa na kira shi ya zo masauki, ta juye masa dabinon Madina da ke jakarta gaba ɗaya, ta ce ya kai wa matar nan rabi in ya gan ta. Ya karɓa da hannu biyu.

Umma ta yi shekaru bayan haka kafin Allah ya karɓi abarsa, a gadonta, a Jidda. Allah ya jiƙanta. Abin da ranar ta koya mini shi ne, wanda ke gadin ƙaryarsa ba ya iya gadin kowa. Na yini ina tsoron abin da uwata za ta gani, na kasa ganin halin da take ciki, har sai da baƙo ya nuna mini. Tun daga ranar, in wani nawa ya yi shiru, ba na zama in fassara masa shirun a raina. Juyawa nake in dubi fuskarsa, in tambaye shi lafiya.