Yaushe Za a Ci Fiyar?

Mai fiyar nan ba ta tambayar guda nawa kake so, sai dai, "Yaushe za a ci?" Siririya ce, tabaraunta ɗaure da zare. A tafin hannu take juya fiya, kamar mai duba zazzaɓin jariri. Wataƙila ta daɗe tana jinyar wani.

Ga wani direba ya miƙo yatsa zai latsa, ta buge hannun.

"Malam, za ka yi mata tabo! Yaushe za a ci?"

"Yau, Inna. Tsohuwata ce, ba haƙori, ta ƙi cin komai."

Ta sunkuya ƙarƙashin tebur, ta zaro nunanniya, wadda ta ajiye wa bakinta.

"Da cokali za ka ba ta. A hankali."